Ranar da Na Yi wa Gas Fifita

Ba zan taɓa mantawa da waɗanda ke tsakar gidana ran nan ba, ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa ruɗa sunayen jikokina. Akwai Ustaza Nafisa, wakiliyar jam'iyyarmu, da ta zo daga birnin Damazin cikin farin tobi ƙal, lulluɓin nan namu na matan Sudan, irin na matan ofis. Akwai Malam Sale mai unguwa da sandarsa. Akwai wani dogon mutum mai ɗaukar hoto da suka zo tare, ban ji sunansa ba, ban kuma nema ba. Akwai surukata Sa'adiyya, matar babban ɗana (shi ba na faɗin sunansa, kuma Allah ya rufa masa asiri, yana gona). Akwai matan unguwa, sun cika tabarmi har bakin zaure. Sai Hajja Kulu maƙwabciyata mai sayar da gawayi, wadda ba a gayyace ta ba, ba ta kuma shigo ba da farko, amma tana bayan katanga da kunnenta, don haka ina sa ta a ciki.

Kafin in faɗi abin da ya faru sai kun san ni. Ban taɓa zama a aji ba, ko harafi ɗaya ba na ganewa. Amma a ƙauyenmu, nan ƙasa da Rusairis a bakin kogi, ba karatu ake buƙata a san abin da mutane ke ciki ba. Ido ake buƙata, ni kuwa Allah ya ba ni. Matar da ta ce ta share ɗaki, ni ke ɗaga tabarma. Wadda ta ce maigidanta ya fita tun asuba, ni ke ganin takalminsa a bayan randa. In na shiga gidan biki, masu dariya sai su mayar da ita tari. Shekara da shekaru ni ke kama mutane, ba a taɓa kama ni ba. Ba ni da gonar kirki, ba ni da zinare, wannan kwarjinin shi ne duk abin da na mallaka. Shi kuwa na ɗauka na jefa cikin siyasa.

Shekarar ana zaɓen shugaban ƙasa, ƙauye ya rabu biyu, kuma a kan wutar girki ya rabu. Ɗan takararmu ya ce a daina sare dajin bagaruwa na bakin kogi ana yin gawayi, kowane gida za a ba shi tukunyar gas, wadda muke ce wa anbuba. Ɗan takarar su Kulu ya ce wayoyin madatsar ruwa ta kanmu suke wucewa, suna kai lantarki manyan birane, mu muna zaune da fitilar hannu. A sauko mana da wutar tukuna, sannan a yi maganar gawayinmu.

In don gaskiya ne, kowa da tasa. Dajin nan na san shi. Ina yarinya in muka shiga tsintar bagaruwa ba ma ganin rana sai mun fito. Yanzu daga ƙofar gidana ina hango mai wanki a ƙetare, kuma kowace damina kogi sai ya yagi gaɓa, har ya cinye rabin lambun marigayi maigidana. Ita kuma Kulu tun da mijinta ya rasu da gawayin nan take ci da gidanta. Amma kada in yi muku ƙarya, ba don daji na zaɓi ɓangare ba. Kulu ce ta riga ni zaɓa, ni kuma na ɗauki wanda ta bari. Ɗan takarar namu ma a takarda kawai na san fuskarsa, kuma akuya ta cinye rabin takardar.

Zuwan Ustaza Nafisa na farko ta tambayi wadda mata ke jin maganarta, aka nuna mata gidana. Ta kawo min anbuba sabuwa da murhun ƙarfe mai kai biyu, ta ce ni ce shugabar mata. Na tara matan a gindin darbejiya, na miƙe tsaye, na ce, “Daga yau gawayi ya haramta a gidana. Wadda ta gan ni da shi ta tofa min yawu.” (Ba wanda ya ce in faɗi wannan na ƙarshen. Bakina ne ya ga jama'a.) Daga nan na shiga bin gidaje ina shinshina kicin ɗin mutane. 'Yar ƙofar da ke jikin katanga tsakanina da Kulu, naffaj, wadda muke miƙa wa juna gishiri da labari tun muna amare, na sa aka jingina mata tsohon kwano aka tokare da turmi.

To, ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Tsoron anbubar nan nake. Ni na saba da wutar da nake ganin inda take kwana da inda take tashi. Wannan kuwa ƙarfe ne mai sanyi, ka taɓa shi kamar randa, a ce maka wuta ce cike a ciki. Na naɗe ta da tsohon zane na kai ta ƙuryar ɗaki, na jera kwanukana a kanta. Ko tari zan yi sai na juya mata baya.

Sa'adiyya ta ce min wata rana, “Inna, ko in nuna miki? A gidanmu a Madani da shi muke girki.”

Na dube ta har sai da ta tuna ta bar wanki a jiƙe.

Gawayi kuwa ban fasa ba. Direban bas ɗin da ke zuwa Rusairis nake ba saƙo ya sayo min can nesa, ya zuba a buhun dawa, don kada a ce an gan ni a ƙofar Kulu. Girki kuma a bayan ɗaki, kusa da garken awaki. In wata ta ce, “Hajja, kamar hayaƙi nake gani,” sai in ce turare ne, in tambaye ta ko ta gama biyan azumin da ta sha.

Ana nan zaɓe ya matso, sai ga saƙo. Ustaza za ta dawo da mai hoto, a ɗauki gidana a nuna a birni, a ga matan bakin kogi sun karɓi gas. Kuma wai ba abin da take so sai ta sha jabana, gahawarmu, wadda ni Hajja na dafa da hannuna a kan sabon murhu.

Na san matan unguwarmu, don ni na koya musu. Za su leƙa bayan ɗaki, za su ɗaga tabarma, za su buɗe randa. Wuri ɗaya ne ba mai taɓawa: ƙarƙashin baƙo. Sai na jawo babban gadon igiya zuwa rumfa, na tura buhun gawayin da kanun, murhuna na gawayi, can ƙarƙashinsa, na shimfiɗa zanen gado mai tsawo har yana share ƙasa. Na ja da baya na duba, na yaba wa kaina. Anbuba kuma na sa aka fito da ita, ina daga nesa ina ba da umarni.

Bayan la'asar suka iso. Na zaunar da Ustaza a kan gadon nan, ta sauko da ƙafafunta, bakin farin tobinta yana taɓa ƙasa. Malam Sale ya yi addu'a. Ustaza ta yi jawabi rabi Larabci rabi Hausar da ta tsinta a hanya, ta ce itace amana ne, ta ce hayaƙi yana cin idon mata, ta ce a dubi Hajja a yi koyi. Mata suka yi guɗa. Daga bayan katanga aka yi gyaran murya.

“Yalla, ya Hajja,” in ji Ustaza. “Mu ga hannunki.”

Na zauna a kujerar tsugunno gaban murhu. Na gyara lulluɓi. Na gyara tire. Na sake gyara lulluɓi. Abin yana da maɓallai, anbubar ma tana da nata a ka, ban san wanne ne uba wanne ne ɗa ba. Ina cikin bismillar da ba ta ƙarewa, sai Sa'adiyya ta sunkuyo kamar za ta ɗauki cokali, ta kare ni da jikinta, ta murɗa nan ta murɗa can, ta ƙyasta ashana. Wuta ta ce fuu.

Ta raɗa min, “Inna, ki bar ta haka. Kada ki taɓa komai.”

Mai hankali da ta riƙe yarinyar nan a gefenta. Ni kuwa gani na yi mai hoto ya ɗaga na'urarsa, ban so a ga suruka a hotona. Na ɗaga murya na ce, “Ke, kin tsaya min a kai kamar yau na fara. Je ki gidan Malam Sale ki aro finjalan shan gahawa, namu ba za su isa ba.” Ta dube ni, ta dubi murhu, ta fita.

Na ɗora kaskon suyar gahawa. Sai na sunkuya na leƙa wutar.

Jama'a, ku yi min adalci. Wuta ce 'yar ƙarama, shuɗiya, ba ja ba hayaƙi, ba ta ƙara ba ta tartsatsi. A wurina wuta mai irin wannan kama ciwo take yi. Tun ina 'yar shekara bakwai, in wuta ta yi laushi abu ɗaya ake mata. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Hannuna ne ya miƙa ya ɗauko mafici, wanda ya kwana a gefen kujerata tun kafin a haifi Ustaza, ya shiga aikinsa.

Fifita ɗaya, wutar ta kwanta. Ta biyu, ta tafi.

Abin ya ci gaba da huci, sss, kamar maciji a cikin kara. Na ce a raina, to, tana nan da ranta, iska ce ba ta ishe ta ba. Na ƙara ƙarfi. Na juya kujera na tare wa jama'a, ina fifita ina murmushi wa mai hoto. Da na ga ba ta tashi ba, na tuna maɓallin da Sa'adiyya ta murɗa, na murɗa shi har ƙarshe. Hucin ya ƙaru. Na durƙusa na sa baki ina hurawa, kamar yadda uwata ta koya min.

Malam Sale ne ya fara cewa, “Wai ni, ƙwai ya fashe a gidan nan ne?”

Na ce, “Awaki ne, Malam.”

Duk warin da ya fito ni nake kaɗa shi da mafici zuwa kan tabarmin mata, sahu sahu, kamar ina raba musu turare. Suka fara toshe hanci da gefen mayafi, ba mai iya magana, don ni ce. Da na ga abin ya ƙi, na lalubo kwalin ashanar da Sa'adiyya ta bari, na zaro tsinke ɗaya.

Mai hoton nan ya kurma ihu. “Gas! Gas! Ya Hajja, kada ki ƙyasta! Za ta tashi da mu!”

Kalmar nan “tashi” ita na ji. Duk abin da na ƙunsa a raina tun ranar da aka kawo anbubar nan ya taso min a ƙafa. Ni da rabona da gudu tun ina budurwa, ni da ake jira in gama taka zaure kafin a fara gaisuwa, na watsar da ashana na zabura. Ƙofar zaure mata sun cika ta. Sai na nufi katanga, na hankaɗe turmi, na ture kwanon da ni da kaina na sa aka jingina, na cusa kai ta naffaj. Tobina ya maƙale a ƙusa, na bar mata shi. Na faɗa tsakar gidan Kulu da rarrafe, ba lulluɓi, mafici a hannu.

Ashe ba ita kaɗai ba ce. Matan ɓangarensu suna jere a gindin katangar, sun zo sauraro, har da masu tsinkar rama.

Kulu ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, “Maraba da shugaba. Kin canza jam'iyya ne, ko wucewa za ki yi?”

Na ce, “Kulu, za ta fashe! Gidana! Baƙi!”

“Baƙin da kika baro?”

Ba ta jira amsa ba. Ta sunkuya ta bi ta inda na fito, ba sauri ba gaggawa. Na bi bayanta ina leƙe. A can Malam Sale yana tsaye a kan turmi yana nuni da sanda yana cewa a kawo ruwa. Ba wuta ko ta tsinke, amma mai unguwa ya ce a kashe ta, sai aka kashe. Mata suka kifar da randunana duka, da durom ɗin wanki, suka sheƙa wa murhu, suka sheƙa wa rumfa, har Malam Sale ya samu rabonsa. Kulu ta ratsa su, ta kai hannu kan anbubar ta murɗa sau ɗaya. Hucin ya tsaya.

Ta ce, “A fili kuke, iska ta kwashe. Ku zauna.”

A lokacin ne na ga ruwan. Ya shiga ƙarƙashin gadon baƙuwa fari, yana fitowa baƙi. Ya gangaro a hankali ta ƙasan zanen gado, ya bi tsakar gidan da na share da hannuna, ya rabu biyu a ƙafar Malam Sale. Ustaza Nafisa, baiwar Allah, ita kaɗai ce ba ta gudu ba, tana zaune inda na ajiye ta. Bakin tobinta ya sha ruwan nan, baƙin yana hawa kamar ana rina shi.

Ta dubi tobinta. Ta miƙe. Ta ɗaga zanen gadon da yatsu biyu.

Ba wadda ta tofa min yawu. Da sun tofa da ya fi min sauƙi. Wata daga baya ce ta ce a hankali, “Ashe turaren Hajja buhu guda ne.” Sai dariyar da aka shekara da shekaru ana mayarwa tari ta fito gaba ɗaya. Har masu ciki suna riƙe katanga.

Kulu ta jawo buhun ta duba bakinsa. Ta ce, “Wanga ɗaurin nawa ne. Direban bas ki ke ba saƙo? Wurina yake ɗauka da safe, ya kai shi Rusairis ya sha iska, ya dawo miki da shi da yamma.”

Daidai nan Sa'adiyya ta shigo da finjalai a tire. Ta dubi ruwa, ta dubi Ustaza, ta dube ni tsaye a bakin naffaj da ɗankwali a karkace. Ta ga maficin. Ta ce, “Inna...” sai ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Ina jin finjalan suna kaɗawa a tire, tana danne dariya, har aka jima.

Ustaza ta ce, “Ma'alesh, ya Hajja,” wato ba komai, ta tattare tobinta ta shiga mota. Mai hoto ya rantse min bai ɗauka ba. Na ga idonsa, ya ɗauka.

Zaɓe ya zo ya wuce, wanda ya ci ya ci. Wayoyi suna nan suna wucewa ta kanmu, kogi yana nan yana cin gaɓa. Har yau ina cewa a bar dajin nan ya huta, kuma har yau gaskiyata ce, sai dai in na faɗa akan samu mai kaɗa hannu a gefe kamar tana fifita. Abin da na koya bai da yawa. In za ka hana mutane abin da suka saba, fara tambayar hannunka ko shi ya yarda. Nawa ba a yi taron da shi ba.

Amma bari in ƙarasa muku da washegari. Na tashi ba abin da zan dafa shayi da shi. Gawayina ya jiƙe sharkaf, ashana ta zama tuwo, anbuba kuwa ko kallon gefenta ban yi ba. Tada Sa'adiyya kuma ya fi ƙarfina. Na zauna har rana ta fara hawa katanga, kaina yana sara. Sai na ɗauki kasko na tafi ɗiban wuta, kamar yadda ake yi tun kakanni. Gida mafi kusa kuwa kun san shi.

Na yi sallama a ƙofar kicin ɗin Kulu, wanda ban taɓa shiga ba, don kullum a tsakar gida take tarar mutane. Ta ce in shigo. Na shiga, na tsaya.

Butar shayinta tana tafasa a kan wuta shuɗiya. Ga anbuba a gefe, ta tsufa har fentinta ya goge.

Na ce, “Kulu! Ke?”

Ta ce, “Mi? Ɗiyata ta kawo min tun bara waccan. Ni gawayi sayar da shi nake, ban ce miki ƙona jarina nake ba.”

“Kina yawo gida gida kina cewa gas makircin gwamnati ne!”

“Ke kina yawo kina cewa gawayi haramun ne.”

Na ji idona yana dawowa. Na ce, “To, na kama ki.”

Ta ce, “Kin kama. Je ki faɗa, mu ga mai yarda da ke yau. Ni dai ban kira mai hoto ba.”

Ta ɗebo gawayi a buhun sayarwa, ta sauke buta, ta jera shi a kan wutar gas ɗin har ya yi ja, ta zuba min a kasko. Na karɓa. Na kai bakin ƙofa, na tsaya, na dawo na ajiye kaskon a ƙasa. Na jawo kujera.

Na ce, “Ƙuri'ata dai ba za ku samu ba. Nuna min inda ake murɗawa.”

Ta ce, “Zan nuna miki. Zauna kan hannuwanki tukuna.”

Na leƙa waje na tabbata ba kowa. Na zauna a kansu.